Ruwan da na kashe bishiyar madron da shi

Lokacin da Allah ya hore mana gida a Portland ta jihar Oregon da ke Amurka a ƙarshen 2020, akwai wani ɗan fili a gaban gidan mai gangare, babu komai a kai sai ciyawa, kuma a kan filin nan ne ni da uwargida muka fara saɓani. Ita furanni take so, ni kuma bishiya, dan ni a tashina gida ba gida bane in babu inuwa a ƙofarsa. Ta ce ta ga wani ɗan fure da ake kira airis, irin gajeren nan da bai wuce tsawon yatsa da rabi ba. Ni kuwa tun ranar da muka je yawo kudancin Oregon na ga madron a gefen dutse hankalina ya tafi kanta. Jar bishiya ce jawur kamar an shafa mata jan kasko, ɓawonta yana saɓulewa kamar takarda, ƙarƙashinsa kuma kore shar mai santsi, in ka ɗora tafin hannu sai ka ji sanyi ko da rana ake. Wallahi ararrabi ta tuna min, wanda wasu ke cewa hano, shi ma haka ɓawonsa yake saɓulewa a kan duwatsun wajenmu. Ƙarshe dai muka ce a shuka duka biyun.

Airis ɗin ba wani aiki. Kamar ƴan ƙananan albasa ake sayar da shi cikin ƴar jaka, in ka duba jikin kowanne akwai wata fata mai kama da raga, daga nan ma sunansa na masana ya samo asali, Iris reticulata. Asalinsa daga duwatsun Turkiyya ne da Iran da Iraƙi da yankin Kokeshiya. Guda hamsin muka saya a watan Oktoba, uwargida ta binne su da kanta zurfin kamar santimita 10, yawanci a kewayen inda zan sa bishiyata, ragowar guda goma sha biyu da suka rasa wuri ta tura su can bakin hanyar mota inda duk tsakuwa ce.

Madron kuwa na je na zaɓo mafi girma da na samu, ta kai min kafaɗa, dan ina gaggawar inuwa. Na haƙa rami mai faɗi na cika shi da taki da baƙar ƙasa yadda na ga Baba yana yi wa dashen mangwaro a garkarmu, na yi mata ɗan gurbi a gindi dan ruwa ya riƙa kwanciya. Duk abin da na sani na alheri ga shuka na yi mata.

Watan Fabrairu 2021 aka yi ƙanƙara mai tsanani a garin, wuta ta ɗauke a unguwanni da yawa, rassa suka yi ta karyewa. Bayan ta narke da ƴan kwanaki sai ga airis ya fito, shuɗi mai duhu da ɗan ɗigon ruwan ɗorawa a leɓen kowane fure, a lokacin da babu abin da ya motsa a duk layinmu. Wanda bai yi hunturun nan ba ba zai gane ba, wata uku kana fita cikin duhu kana dawowa cikin duhu sama kullum toka-toka da yayyafi, sai ka buɗe ƙofa ka ga launi a ƙasa. Uwargida har durƙusawa take yi ta shinshina, yana da ɗan ƙamshi amma sai ka kai hanci kusa. Sati biyu zuwa uku furen ya ƙare, ganyen ya ci gaba da tsawo siriri kamar na albasa har wajen Mayu ya bushe, wurin ya koma kamar ba a taɓa shuka komai ba. A raina na ce to ai ga shi, abin sati uku ina zai haɗu da bishiyar da ke da ganye shekara zagaye.

Sai ƙarshen Yuni ya zo da zafin da ba a taɓa gani ba, ranar 28 ga wata Portland ta kai digiri 46 da ɗoriya, zafin da ko a Sakkwato aka yi shi sai an yi maganarsa. Na duba madron na ga wasu ganye sun yi rawaya suna zuba, hankalina ya tashi, na jawo tiyo safe da yamma ina cika mata gurbin nan, har bayan zafin ya wuce ban daina ba. Ashe zubar ganyen nan al'adarta ce, farkon bazara take sauke tsofaffin ganye bayan sabbi sun fito. Zuwa Agusta sabbin ma suka yanƙwane duk da ƙasar jiƙe take sharkaf, gindin ya yi baƙi, kafin Satumba ta ƙare ta bushe ƙurmus. Na ji ciwon abin nan sosai, kwana biyu ko ta ƙofar gaba bana son bi.

Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, wadda ta yi shekaru tana aikin gandun daji kafin ta yi ritaya, ita ta zaunar da ni ta warware min. Ta ce a nan ruwan sama da sanyi yake zuwa, daga Oktoba zuwa Mayu, Yuli da Agusta kuwa ƙasa bushewa take yi ƙayau, kuma madron a haka aka halicce ta tun daga tsibirin Vancouver a Kanada har Kalifoniya. In zafi da danshi suka haɗu a gindinta akwai wata cutar ruɓa da ke cikin ƙasa, Phytophthora, sai ta samu hanya ta cinye saiwar. Ni kuma daga inda na fito zafi da ruwa tare suke tafiya, damina kenan, kuma da rani duk dashen da ba ka bi da bokiti ba ka kashe shi. Hannuna abin da ya saba ya yi. Ta ƙara da cewa tun a wajen saye na yi kuskure, madron ba ta son a taɓa mata saiwa, babba wadda ta daɗe a tukunya da wuya ta kama, ƙarama ake nema wadda ba ta wuce taƙi ɗaya ko biyu ba. Kuma taki ba abokinta bane.

Abin da ya ƙara tabbatar min da maganarta Fabrairu 2022 ne. Daga airis kusan arba'in da ke kewaye da bishiyar, inda na yi ta ambaliya, guda shida kawai suka fito, da na tona sai na tarar da fatar ragar nan babu komai a ciki. Amma sha biyun nan na bakin hanyar mota, waɗanda tiyo bai taɓa kaiwa gare su ba, duk sun fito har wasu sun yi ƴaƴa. Shi ma ashe barci yake yi da bazara a ƙarƙashin ƙasa kuma busasshiyar ƙasa mai ɗumi yake so, kamar yadda yake samu a duwatsun ƙasarsu. Mun shafe wata da watanni muna gardamar wanne ya fi, ɗan fure ko ƙatuwar bishiya, ban taɓa kawowa ba cewa buƙatarsu ɗaya ce kuma hannu ɗaya ne ya kashe su.

In ka tambaye ni yanzu wanne zan ce ka shuka, zan fara tambayar ka wurin. Mai ɗan fili ko gidan haya ko baranda, airis kawai, ko a tukunya ma yana yi in ka haɗa ƙasar da tsakuwa ka ajiye ta inda ruwa ba zai same ta da bazara ba. Kuɗinsa kaɗan ne, in ya lalace ka sake saye a kaka. Sai dai a kula da dodon koɗi, irin marar ƙoƙon nan da ya cika Oregon, dare ɗaya yake yi wa furen kaca-kaca, kuma a hana yara wasa da kan albasar dan yana da guba in aka ci. Madron kuwa ba ta kowane gida bace. Tana iya kai mita 20 ko fiye, ba ta miƙewa sak, karkacewa take yi tana bin rana, da bazara ga ganye ga ɓawo kullum kana shara, kuma in kana da ciyawar da famfon feshi ke jiƙawa kullum to kar ma ka fara. Mutane da yawa a nan ƴar uwarta ta Turai suke sawa, Arbutus unedo, wadda ta fi haƙuri da lambu. Ni dai zuciyata ba ta karɓe ta ba, ba ita na gani a gefen dutsen nan ba.

Oktoba 2022 na sake gwadawa. Ƴar mitsitsiya na sayo, tsawon taƙi ɗaya, na sa ta can saman gangaren inda ruwa ba ya tsayawa, ban zuba taki ko cokali ba, ban yi gurbi ba, ban ko warware saiwar ba. Bazarar farko sau ɗaya a sati uku nake ba ta ruwa, da sassafe, nesa da gindin, ta biyu sau biyu kacal. Ba ƙaramin daurewa na yi ba, ranar da aka yi zafi sai in tsaya a taga ina kallon ta hannuna yana ƙaiƙayi, uwargida tana cewa Baban Amira ka bar tiyon nan. Ita kuma ta sake binne airis ɗinta a ƙasa da bishiyar cikin tsakuwa, ta ƙara zurfi wannan karon dan an ce hakan na rage masa farfashewa zuwa ƴan ƙananan da ba sa fure.

Yanzu madron ta kai min ƙugu. Ba ta yi fure ba tukuna, fararen nan masu kama da ƴan tuluna, balle jajayen ƴaƴan da tsuntsaye ke rububi a kaka, wannan sai nan gaba in da rai. Amma a Yulin da ya wuce Amira ta shigo da gudu da wani ɗan jan abu a tafin hannunta, nannaɗe kamar kirfa, ta ce Baba bishiyarka ta yage. Na fita na durƙusa na duba, ɓawon farko ne ya saɓule, ƙarƙashinsa kore shar.