Shekarar da na koyi awo kafin yanka

A daren 31 ga Disamba 2022 ban yi barci da wuri ba. Duk wanda ya zauna a Kumasi ya san daren nan: coci-coci cike maƙil har sha biyun dare, ganguna na tashi ta ko'ina, yara na fasa abin wasan wuta a lunguna. Mu a Aboabo ba bikinmu ba ne, amma hayaniyar tana shigo mana har ɗaka, kuma tana sa mutum ya zauna ya yi lissafin kansa. Sanyin hunturu ya sa na lulluɓa da zane, na jawo littafin da nake rubuta awon masu kawo ɗinki, na buɗe shafin ƙarshe na rubuta abu uku. Zan sayi keken ɗinki na lantarki, irin manyan nan, kafin Agusta. Zan sauke Alƙur'ani, wanda na tsaya a Yasin tun shekarar da aka yi mini aure. Kuma ba zan ƙara ce wa kowa "zo gobe" alhali na san kayansa ba za su kammala gobe ba.

Shekara goma sha ɗaya ina taka keken ƙafa ɗaya, tsohuwar Butterfly da aka ba ni ranar da na gama koyo. Ba ta taɓa ba ni kunya ba, sai dai gwiwata ta dama ta fara magana. Shekarar da muke bankwana da ita kuwa ta jijjiga kowa. Dalar da ake saya sidi shida da 'yan kai a Janairu, kafin Nuwamba ta haura sidi goma sha uku, kuma a Disamba hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Ni ba a takarda na gane wannan ba, a kasuwar Kejetia na gane shi, ranar da na je sayen zare da zif da kuɗin da na saba riƙewa, na dawo da rabin leda. Shi ya sa kekena na farko a jerin: na ga idan ban ƙara yawan abin da hannuna ke fitarwa ba, ɗinkin ba zai ci gaba da riƙe ni ba.

Na je Adum na tambayi farashi, aka ce mini sidi 4,800. Lissafin ya zo mini da sauƙi. Katin mai susu, wato mai zagayawa karɓar ajiyar kuɗi, gida talatin da ɗaya gare shi, kullum ka zuba sai ya yi maka alama a gida ɗaya, ƙarshen wata ya riƙe zubin rana guda ladansa ya ba ka sauran. Sidi ashirin kullum, kusan ɗari shida ke nan a wata, wata takwas an gama. Maigidana ya ce me zai hana in tara a waya, tunda ga MoMo. Na ƙi, ba don harajin tura kuɗi ba, wanda ma a Janairun 2023 aka rage shi zuwa kashi ɗaya cikin ɗari. Na san halina ne. Kuɗin da ke cikin waya, ɗan'uwa na kira da muryar damuwa yatsa ya riga ya tura. Don haka muka yi da Mma, mahaifiyata, cewa duk ƙarshen wata abin da mai susu ya miƙo mini zan kai mata ta kulle a akwatinta.

Janairu da Fabrairu ban tsallake ko gida ɗaya ba, ko da yake watannin ba su da aiki. Mutane sun gama kashe kuɗi a Disamba, ga kuɗin makarantar yara. Wata rana sidi ashirin ɗin daga kuɗin cefane nake tsakuro shi, miya ta yi ruwa, ban faɗa wa kowa ba. Makarantar dare ta mata kuma ina zuwa sau huɗu a mako, bayan magariba zuwa isha'i. Na gama Faɗir, na shiga Saba'i. Ina jin daɗin kaina ƙwarai a lokacin.

Sai azumi ya kama, 23 ga Maris.

Wanda ba tela ba ba zai gane watan nan ba. Abin da muke samu a azumi yakan ninka na wata uku. Shadda, leshi, atamfa, yadin abaya, kowa da ledarsa, kowa kuma so yake a ce masa to. Ni kuwa keke na cikin raina, duk ledar da aka ajiye gabana kuɗin keke nake gani. Na karɓa, na karɓa, har ƙarƙashin teburin yanka ya cika, na fara jera wasu a kan benci. Ban ƙirga ba. Makaranta na ce sai bayan Sallah, don daga shan ruwa sai keke har sahur. A cikin mako biyu buri na farko ya cinye na biyu da na uku, ni kuma ina ganin ƙoƙari nake yi.

Daren Sallah, Juma'a 21 ga Afrilu, shi ne abin da ba zan manta ba. Ƙarfe ɗaya na dare ta wuce, ni da 'yan koyona biyu idanunmu sun yi ja, ɗaya tana kalmasa da hannu, ɗaya tana hura gawayin dutsen guga. Saura kaya tara. Wata Hajiya maƙwabciyar Mma, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba, ta zo da jikarta 'yar shekara bakwai. Sau uku na ce mata gobe. Yadin yarinyar, wani leshi ruwan hoda, yana nan a naɗe yadda aka kawo shi, ko alli bai taɓa shi ba. Hajiya ta ɗaga ledar ta duba, ta mayar ta ajiye a hankali. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "'Yata, da kin faɗa mini gaskiya tun ranar goma ga wata, da na kai wani wuri. Ni ba komai, amma wannan me zan ce mata?" Yarinyar ba ta yi kuka ba, ta dai tsaya riƙe da gefen mayafin kakarta tana kallon rigunan wasu da ke rataye. Na ce, "Hajiya, ki yi mini aikin gafara, kafin a tafi idi za ta samu." Na ɗinka ta, an kai mata ƙarfe bakwai na safe, amma hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kuma don in yi tata na bar na mutum uku da suka yi Sallah da tsofaffin kaya. Biyu daga cikinsu ba su sake tako shagona ba har yau.

Bayan Sallah aiki ya ɗauke ɗif, kamar yadda yake yi kowace shekara, abin da na sani sarai amma ban sa a lissafina ba. Kuɗin azumin da na zaci zai yi tsalle da ni gaba, kayan Sallar yara da biyan bashin zare da ɗan abin da na ba 'yan koyo suka raba shi. A watan Mayu na yi kwana goma sha ɗaya ban zuba ba. Idan na hango mai susu ya shawo kwana da jakarsa, sai in shige bayan labule in ce yarinya ta ce ba na nan. Ga suna a gidan ƙanwata, ga rasuwar kawun maigida a Tafo. A zango ba a zuwa irin waɗannan wurare hannu rabbana, kuma ni ma ba na so in je haka, don ranar tawa su ne za su tsaya mini. Sau biyu na je na ce Mma ta buɗe akwati. Sidi ɗari tara suka fita. Makaranta kuwa kunya ta hana ni komawa: wata biyu ban je ba, me zan ce wa Malama?

Da na bar shafin nan yadda yake, kamar na shekarun baya. Abin da ya dawo da ni kansa wata magana ce ta Mma. A tsakiyar Yuli ne, Muharram na 1445 ya kama, na je gaishe ta na tarar tana tsince wake. Na zauna na zayyana mata komai, har na ce ni dai ba ni da ƙashin tara kuɗi. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Kakanninki da suka zo garin nan fataucin goro, kin taɓa jin sun tashi ba su san inda za su yada zango ba? Sun san inda ruwa yake, sun san inda babu. Ke kin ɗauki shekara kamar tabarma, ko'ina daidai. Shekarar tela kaka gare ta da rani."

Na koma shago na ɗauko littattafan awo na shekara uku, na zauna ina ƙirga kayan da aka kawo wata-wata. Abin da Mma ta faɗa yana nan a rubuce da hannuna. Azumi tudu ne, gabanin Babbar Sallah tudu, Nuwamba da Disamba tudu saboda bukukuwan aure da maƙwabtanmu Kirista masu ɗinkin Kirsimeti. Sauran watanni kwari. Kuma tudun azumi da na Babbar Sallah ba sa zama wuri ɗaya, kowace shekara suna matsowa da kwana goma ko sha ɗaya. Ni kuwa na yanka burina a kan kalandar Janairu, wadda ba ta san da wannan ba. Na ƙirga wani abu kuma da ban taɓa ƙirgawa ba cikin shekara goma sha ɗaya: riga nawa nake iya gamawa a yini, da kyau, a keken ƙafa. Uku ne. Idan mai ado ce, biyu. A azumin da ya wuce na karɓi abin da sai na yi biyar kullum zai ƙare.

Sai na sake rubuta shafin. Na tari mai susu da kaina, na ba shi haƙuri, na ce a mayar da zubina sidi goma. Ya yi murmushi ya ce, "Madam, ai da kin faɗa tun tuni, goma kullum ta fi ashirin da ɓuya." A watannin aiki kuma, duk kuɗin ɗinkin da aka biya ni, kashi ɗaya cikin uku ba ya kwana a hannuna, a ranar yake tafiya akwatin Mma. Na samo gwangwanin madara na huda murfinsa, na sa masa suna gwangwanin zumunci, kullum sidi biyar. Wannan ƙaramin abu ya fi komai taimakona. Biki da suna da ta'aziyya ba tsautsayi ba ne da ke faɗo wa mutum, tabbas ne za su zo, ranarsu ce kawai ba a sani ba. Tun da na ba su nasu gida ban sake cewa a buɗe akwati ba.

Malama na je gidanta da rana, don ban iya shiga aji a gaban mutane ba. Ina fara kawo uzuri ta ɗaga hannu. Ta ce in manta da maganar sauka a shekara ɗaya, wa ya aike ni? Ta tuna mini hadisin Nana A'isha, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Muka yi da ita Asabar da Lahadi bayan asuba, kafin in buɗe shago, ƙarin rabin shafi, sauran kwanaki in yi bita ina jiran ruwan koko ya tafasa. Ta kuma ce a watan azumi ba ƙari, tilawar abin da na riga na karanta kawai, don kada in sake ɗaukar alkawarin da zan karya in ɓace mata.

Agusta ta zo ta wuce ba keke. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, musamman da na koma Adum a Oktoba aka ce ya zama sidi 5,300. Na tsaya a bakin shagon ina jin kamar ina bin motar da ta riga ta tashi. Nuwamba da Disamba ne suka cike giɓin. A mako na biyu na Janairun 2024, wata biyar bayan ranar da na sa wa kaina, aka ɗoro keken a bayan aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ni ina zaune gefensa na riƙe kan da hannu biyu saboda ramukan hanya. Mma ta zo shago ta shafa teburinsa ta yi addu'a. Tsohuwar Butterfly ban sayar ba, tana nan a kusurwa, ita ke aiki ranar da aka ɗauke wuta. Karatu a ƙarshen shekarar na kai Ankabut. Da saura da yawa, amma Asabar ba ta wuce ni.

Buri na uku ne bai da ranar gamawa, kuma shi ya fi wuya. Kafin azumin 2024 na rubuta da alli a jikin ƙofa cewa ranar goma sha biyar ga wata zan rufe karɓar aiki, na kuma ja layuka a littafi daidai adadin da sabon keken zai iya, kowane layi riga ɗaya. Layukan sun cika tun ranar sha uku. Ranar sha shida sai ga matar yayana da leda uku, shadda mai tsada, ta ce, "Haba ƙanwata, ni ma sai kin hana?" Kuɗin da ke cikin ledojin nan ya kai zubin susu na wata guda. Na buɗe littafin na nuna mata, na ce, "Yaya, in na karɓa ƙarya zan yi miki. Ga wata a Asawase, hannunta na da kyau, bari in kira miki ita yanzu." Ta kwashi kayanta ba ta yi mini sallama ba, kuma ta yi mako uku ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska.

Daren Sallar nan ƙarfe goma muka kulle shago, rataye babu ko riga ɗaya. Na sallami yaran suka tafi kitso da lalle, ni kuma na bi ta gidan Mma na taya ta yankan albasar miyar safe.