Dundumin Ƙanena

Tun yana ƙarami ƙanena ba ya gani da zarar magariba ta yi. Mu a Tawa sai muka ce dundumi ne, Inna ta yi ta gasa masa hanta har ya tsane ta. Bai warke ba.

Bana kuma abin ya juye, rana ce ta zame masa masifa. In ya fito da hantsi sai ya dafe goshi, ido na zubar da hawaye, fitilar babur ma sai ta watse masa kamar an fesa gari. Shekararsa 32 fa.

Na kai shi Yamai. Likita ya sa ya ɗora haɓa a kan na'ura, ya haska siririn haske cikin idon, ya ce mini, "Malam, zo ka duba." Wani ɗan farin tabo ne a bayan madubin ido, daidai tsakiya: yanar ido ce. Ya ce asalin ciwon na can ƙuryar ido, a tantanin da ke karɓar haske, na gado ne, ya rubuta rétinite pigmentaire a takarda. Masu shi yanar ido kan riske su da ƙuruciya, zaren da ke riƙe madubin ma kan yi rauni, shi ya sa aikin cire yanar yake son hannu mai natsuwa.

Za a cire yanar, ƙyallin rana zai ragu, amma ganin dare ba zai dawo ba. Da ya tambaya ko iyayenmu dangi ne, na ce ɗan wa da ƴar ƙane. Ya ce in kawo sauran ƙannenmu a duba su. Har yanzu ban san ta inda zan fara faɗa wa Inna ba.