A kurkukun Elmina

Jiya na shiga kurkukun bayi na Elmina, a gaɓar tekun Ghana, ginin da Turawan Fotugal suka yi a 1482. Ana cewa da dare akan ji kukan waɗanda suka mutu a ciki. Ni dai na taso da sanin cewa mamaci yana barzahu, ba ya dawowa, fatalwa kuma aikin aljanu ce. Amma wallahi da ɗan jagora ya rufe ƙofa, duhu ya lulluɓe mu, sai tsikar jikina ta tashi. Wata mata baƙar fata daga Amurka ta ajiye furanni, tana kiran kakanninta tana kuka. Na kasa ce mata komai. Ko barcin kirki ban yi ba daren jiya.