Wasiƙa daga Landan: Shirya Opera ta Dido da Aeneas da Matasan Mawaƙa

Zuwa ga malamai da masu shirya wasan kwaikwayo a gida, assalamu alaikum. Muna fata kuna lafiya.

A nan Ingila, idan makarantar kiɗa za ta gwada ɗalibanta da opera, wato wasan da ake rera shi gaba ɗaya, sau da yawa Dido da Aeneas ta Henry Purcell, mai tsara kiɗa ɗan Ingila, take ɗauka. An yi ta a makarantar 'yan mata ta Josias Priest da ke Chelsea a 1689, kashi uku ce, kusan awa ɗaya. Dido sarauniyar Kartaj ce (Tunisiya ta yau), masoyinta Aeneas ya tafi ya bar ta, baƙin ciki ya kashe ta. Gajartar ce ke ruɗin mutane su ɗauka abu ne mai sauƙi.

Kafin a raba matsayi a ƙirga maza. Rubutun kiɗan da ya iso gare mu ya raba 'yan amshi murya huɗu, biyu na maza ne, kuma masu kaurin murya sun yi ƙaranci a tsakanin matasa. Kayan kiɗa ba su da yawa: goge iri huɗu da hafsikod, kakan fiyano. Kiɗan ƙarshen kashi na biyu ya ɓace, sai a zaɓi bugun littafin kiɗan da ya cike giɓin tun kafin a fara rihazal.

Inda aka fi faɗuwa shi ne makokin Dido na ƙarshe. Babban goge yana sauka mataki-mataki cikin gaɓa biyar, ya maimaita sau 11, ita kuwa muryar ba ta tsayawa inda gogen ya tsaya. Yarinya takan ja waƙar don ta nuna baƙin ciki, numfashi ya ƙare mata kafin ta kai sauti mafi tsayi, inda take roƙon a tuna da ita, sai muryar ta tsage. Maganinsa, ta riƙa rerawa da mai gogen kaɗai tana tafiya a hankali, a sa alamar kowane numfashi da fensir. Idan har yanzu saman na matse ta, a sauke sautin kayan kiɗa daga 440 zuwa 415 a ma'aunin tsayin sauti, rabin mataki ke nan. Kuma kada a kwantar da ita ƙasa sai ta gama. A ganinmu mai kukan gaske a kan dandamali ta ɓata wasa, don maƙogwaro na shaƙewa.

Aeneas kusan duk rabonsa zance ne da ake rerawa, don haka ya fara haddace shi kamar magana, ya san inda nauyin kowace jimla yake, sannan a ɗora sauti. Masu fitowa a matsayin mayun da suka ƙulla makircin raba Dido da Aeneas kuma kada su yi ta maƙale murya don ban dariya, yana gajiyar da maƙogwaro. A waƙarsu ta amsa-kuwwa, a ajiye rukuni na biyu bayan labule inda za su ga hannun jagoran kiɗa, in ba haka ba amsar takan makara.

Wassalam, a gaida mutanen gida.