Kafin a zuba gilashi a wurin shaƙatawa

Sana'ata duba aikin gini ce da fitar da lissafin kayan aiki, don haka zanen wuraren shaƙatawa kan biyo ta hannuna jefi-jefi. Abin da ke damuna da mafi yawansu shi ne inda kuɗin ke tafiya: ƙatuwar ƙofar shiga, da zauren taro mai bangon gilashi, da tayil mai santsi har bakin hanya. In ka nemi banɗaki sai ka tsince shi can a kusurwa, ɗan mitsitsi, an ajiye shi a "kashi na biyu" na aikin.

Gilashi a ƙasarmu bashi ne da za a yi ta biya kowane wata. A Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40. Zauren da ya fuskanci yamma da bangon gilashi, daga la'asar ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma sai da wuta, wutar kuma sau da yawa sai da janareto. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da hakan ke nufi. Hunturu ya zo, ƙura ta lulluɓe gilashin, a nemi mai gogewa kullum. Duk wannan ba ya fitowa a takardar kwangila, saboda ɗan kwangila ya miƙa makulli ya tafi.

Shi ya sa nake yawan kawo misalin Bamako. A 2010, lokacin da Mali ke cika shekara 50 da samun 'yancin kai, aka buɗe babban lambun ƙasa a can, aikin gwamnatin Mali da Gidauniyar Aga Khan. Wanda ya zana gine-ginen ciki shi ne Francis Kéré, ɗan ƙauyen Gando a Burkina Faso, wanda ya ci kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya, a 2022. Akwai gidan abinci da aka ɗora kan duwatsu, da wurin motsa jiki, da ƙofofin shiga. An lulluɓe bangayen da dutsen yankin. Rufin kuwa, shi ne ya fi burge ni: ya zarce bango sosai har ya yi masa inuwa, kuma an ɗaga shi sama don iska ta riƙa ratsawa ta kwashe zafi. Dutse ba ya neman fenti duk shekara. Mai zanen ya yi tunanin wanda zai riƙe wurin bayan bikin buɗewa.

Ga wani ma kusa da mu. A Dandaji, cikin jihar Tawa a Nijar, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da bulon ƙasa da ake matsewa a inji, suka mayar da tsohon ya zama ɗakin karatu. Da buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, na ji magina da yawa sun fara tambayar irin wannan bulo. Amma zan faɗi gaskiya: ba arha ba ne kai tsaye. Yana son tushe mai tsayi don kada ruwan damina ya ci gindinsa, yana son rufi mai faɗi, kuma yana son magini da ya iya. Kuɗin aikin hannu yana ƙaruwa. Sai dai kuɗin yana zama a aljihun 'yan gari, ba ya bin tirela.

In ni aka bai wa zaɓi, da banɗaki zan fara. Duk wanda ya taɓa shiga Gidan Zoo na Kano ranar yawon Sallah ya san yawan mata da yaran da irin wannan wuri ke ɗauka. Uwa mai goyo da 'ya'ya a hannu, in babu inda za ta kewaya cikin sutura, tattarawa za ta yi ta koma gida tun kafin azahar. Ƙofar mata ta kalli wani gefe daban da ta maza. A sa famfo ƙasa-ƙasa inda za a cika buta, da dakalin alwala. Daɓen ya zama mai kaushi, a karkata shi kaɗan zuwa magudana don kada ruwa ya kwanta. A haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da sola, a ɗora tanki sama. Bayan nan sai rumfuna masu faɗi da benci na kankare, da ɗan wurin sallah, da shagunan haya biyu ko uku waɗanda kuɗinsu zai riƙa biyan mai shara da mai gadi.

Akwai layi ɗaya da nake sakawa a kowane lissafi, kuma shi ake fara sokewa: kuɗin ban ruwan itatuwa na rani biyu na farko, da ragar da za ta kare su daga awaki. Darbejiya ba ta da tsada, amma in ba a shayar da ita ba tana ƙarama, bushewa take yi kafin damina. A aikin da na duba kwanan baya sai da muka kai ruwa rana kafin aka yarda a rage gilashin zauren, aka mayar da kuɗin kan banɗakin mata da tanki. Kuɗin ban ruwan dai har yanzu ina bin sa.