Neman Turke ga Dokin Baba

Ranar da aka zauna rabon gadon mahaifinmu a gidanmu na Gangare a Jos, an yi wa komai kuɗi: gidan, shaguna biyu na kan titin Bauchi, fili, har keken ɗinkin da ya daɗe ba a taɓa ba. Da aka zo kan Akawal sai zauren ya yi tsit. Kawu ya ce, "Tsohon doki ne, a kira dillali daga 'Yan Shanu ya yi masa kuɗi." Ni kuwa na ce a sa shi a kasona ko nawa ne. Ban tsaya tunanin inda zan ɗaure shi ba. Abin da nake gani kawai shi ne Baba a kansa ranar Sallah da farin rawani, ni ina ƙasa riƙe da ragama, ina ɗan shekara 12.

A kasuwar Maigatari Baba ya saye shi yana ɗan shekara 4, baƙi wuluk, kuma bai taɓa sa masa wani suna ba sai na launinsa. Lokacin rabon ya haura shekara 20. Furfura ta zagaye idonsa, saman idon ya zurma, bayansa ya ɗan lotsa. Amma in ya ji ƙarar ƙofar gida da asuba sai ya yi haniniya, don lokacin ne Baba ke dawowa daga masallaci ya leƙa shi.

Wurin da bargar take ya faɗa kason ƙannena, su kuma suna son gina ɗakunan haya, kuma suna da gaskiya. Ni aiki ya mai da ni Abuja, ina zaune a ciki da falo a Kubwa. Ga tsadar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wadda ta hau kan gero da dusa da damin harawa kamar yadda ta hau kan komai. Dattijon da ya yi shekaru yana kula da dokin, wanda muke kira Shamaki, shi ma ya ce ƙarfinsa ya ƙare, yana son komawa garinsu. Aka ba ni wata uku.

Dillalin da ya fara zuwa bai buɗe bakin dokin ba, bai ɗaga ƙafarsa ba, bai ce a zagaya da shi ya ga tafiyarsa ba. Cinya kawai ya mammatsa, ya ja baya ya ƙare masa kallo, ya faɗi kuɗi. Shamaki ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji ƙarami, wannan ba doki yake saye ba, nama yake aunawa." A ranar na san cewa tsofaffin dawakin Arewa da yawa a tirela suke ƙarewa, a kai su kudu maso gabas, irin su Obollo-Afor a jihar Enugu, inda ake yanka su a sayar da naman. Ba na kushe abincin kowa. Amma kwana da kwanaki a tsaye a bayan mota cikin cunkoso, ga dabbar da ta ɗauki mahaifina kusan shekara 20, wannan ban iya ba.

Sai na yanke cewa ba zan sayar ba, kyauta zan bayar. A ganina a lokacin, wanda bai biya ba ba shi da asarar da zai nemi mayarwa daga jikin dokin. Nan na yi kuskure.

Wani matashi ya zo ta hannun abokin aikina, mai ladabi, mai daɗin baki. Ya ce yana da barga, yaransa ne kawai za su riƙa hawa da yamma a cikin gida. Ya kawo hadisin da ke cewa alheri a ƙulle yake a makwarkwaɗar dawaki har ranar tashin ƙiyama, zuciyata ta kwanta. Dokin mai baki ya fi gudu. Ban je na ga bargar ba, don ina saurin komawa Abuja. Na ce, "Na ba ka, Allah ya sa albarka," a gaban mutum biyu.

Bayan sati biyar ƙanwata ta turo mini wani bidiyo a WhatsApp ba tare da ta rubuta komai ba. Hawan angwanci ne, dawaki suna sukuwa a kan kwalta, ga Akawal a ciki ɗauke da wani ƙato, kumfa na zuba a bakinsa. Hayarsa ake bayarwa. Ranar Asabar na kama hanyar Jos tun asuba. Na same shi a ɗaure a rana, babu ruwa a kusa, sirdi ya ci bayansa ya yi gyambo, yana ɗage ƙafar gaba ta hagu. Da ya ji muryata ya juyo da kai. Ban iya cewa komai ba na ɗan lokaci.

Matashin bai yi musu ba, ya ce ai nasa ne, ni na ba shi. Haka ne kuwa. In ina so, in saya. Na je wurin malamin unguwarmu da maganar, sai ya karanto mini labarin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, wanda ya ba da doki saboda Allah, wanda aka ba ya wulaƙanta shi, Umar ya so ya saye shi da araha, Annabi (SAW) ya hana shi, ya ce kada ya koma wa sadakarsa ko da dirhami ɗaya za a sayar masa. Jikina ya yi sanyi. Malam ya tambaye ni, sadaka na yi niyya ko kyauta? Na ce wallahi ban rarrabe ba. Ya ce to a fita daga shakka, wani ya saya da kuɗinsa. Yayarmu ta fari ta sayar da 'yan kunnenta na gwal ta biya. Ta ce, "Ni dokin Baba na saya. Kai kuma ka nema masa wuri, wannan karon da ƙafarka."

Ƙannena suka ɗaga gininsu, Akawal ya dawo tsohon turkensa, Shamaki ya fasa tafiya. Na kira wani likitan dabbobi da ya yi aiki a Vom, inda babbar cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa take tun 1924. Abin da na koya a wurinsa cikin awa biyu ya fi abin da na sani duk zamana da dokin.

Ya fara da baki. Ya nuna mini wani layi da ke gangarowa a haƙorin gefe na sama, ya ce yakan ɓullo daga dasashi wajen shekara 10, ya kai ƙarshen haƙorin wajen shekara 20, sannan ya fara gogewa daga sama. Na Akawal ya fara gogewa. Ya ce doki kan kai shekara 25 zuwa 30 in ya samu kulawa, saboda haka ba na kwana biyu nake nema wa wuri ba, mai yiwuwa na shekaru ne. Sai ya sa na duba ƙasan turke. Ga ƙananan dunƙulen ciyawa da dokin ya tauna ya furzar, ga ƙwayar gero a kashinsa yadda ta shiga haka ta fito. Turamensa sun cinye, gefensu ya yi kaifi yana yankar kunci, shi ya sa yake ramewa ko an cika masa kwamin abinci. Ya goge kaifin da magagari, ya ce daga yau a barza hatsin, a jiƙa shi da dusa, a yayyanka harawa, a raba masa abinci sau uku ko huɗu maimakon a jibge masa sau ɗaya. Ruwa kada ya yanke a gabansa. Doki ba ya amai, in abinci ya tsaya masa a ciki sai ciwon cikin da kan kashe shi cikin yini guda, don haka duk sauyin abinci a yi shi sannu a hankali, cikin kwana 7 zuwa 10. Maganin tsutsa da na kaska a kan kari, gyaran kofato duk sati 6 zuwa 8. Sukuwa kuwa ta ƙare, amma a riƙa fita da shi kilisa a hankali kullum, don gaɓoɓin tsohon doki a tsaye suke sandarewa. Ya ƙara da cewa sanyin Jos na watan Disamba da Janairu ba abin wasa ba ne ga dokin da ba shi da kitse, a ɗinka masa mayafi ko da na buhu ne.

Na rubuta duka a takarda, da ita na riƙa yawo.

Wannan karon na daina sauraron abin da mutum zai ce, na koma kallon abin da ke ɗaure a gidansa. Nakan je ba tare da na faɗi lokaci ba. In duba bokitin ruwa, in duba ko haƙarƙarin dabbobin a waje yake, in ga ko akuya na gudu in maigida ya matso. Nakan kuma tambaya wa zai tashi da asuba ya ba dokin abinci, don maigida ne ke cewa yana so, amma sau da yawa wani yaro ne zai yi wahalar, kuma shi ba a tambaye shi ba. Na ga gidan wani attajiri mai barga kamar ɗakin amarya, amma shi yana Legas, dawakin suna hannun yaran da ke canzawa duk bayan 'yan watanni. Na yi magana da wasu 'yan ƙwallon dawaki, suka karɓe ni da mutunci, suka gaya mini gaskiya cewa bargarsu ta dawaki masu aiki ce. Ɗaya daga cikinsu ne ya ce in nemi mutumin da ya taɓa riƙe doki har ya mutu a hannunsa don tsufa. Ya ce irinsu ba su da yawa, amma akwai.

Limamin masallacinmu ne ya haɗa ni da shi, wani tsohon malamin firamare da ya yi ritaya yana noma a Tilden Fulani, kan hanyar Bauchi. Na same shi a bayan gida yana cire wa wata goɗiya kaska, ita kuma ta ɗora haɓa a kafaɗarsa. Ɗan'uwanta ya mutu bara, ya ce, tun daga nan ta rage cin abinci, doki ba ya son zaman kaɗaici. Yana noma wake, harawarsa na kan rumfa, akwai rijiya a gidan, da inuwar mangwaro, da jikoki uku da ke rige-rigen ɗebo ruwa. Da na miƙa masa takardar likita ya sa tabarau ya karanta har ƙarshe, sannan ya fara yi mini tambayoyi. Yana harbi? Yana tsoron babur? Wane gefe ya fi son a tunkare shi? A duk waɗanda na gani shi kaɗai ya tambayi halin dokin, sauran shekarunsa da tsayinsa suke tambaya.

Na gaya masa komai, har gyambon da ɗingishin da abin da na jawo da kaina. Ya ce, "Ɗana, ni ma in gaya maka tawa. Ina da ciyawa da ruwa da lokaci. Kuɗin likita da hatsin rani ne ba ni da su." Na ce, "Baba, wannan nawa ne."

Muka rubuta a gaban mai unguwa da liman. Akawal na yayata ne, amana ce a hannunsa, ba kyauta ba. Ba za a sayar ba, ba za a ba da haya ba, babba ba zai hau ba. Ni zan aiko da kuɗin hatsi da dusa duk wata, in biya likita. In ya gaji, ko Allah ya yi masa rasuwa, dokin ya dawo hannunmu, babu jin kunya, kuma babban ɗansa ya sa hannu a kan haka. Akwai layin da ya fi yi mini nauyi, amma likita ya ce a sa shi: in ranar ta zo da dokin ya kwanta ya kasa tashi, a kira ni a kira likita, kada a bar shi yana wahala, kada kuma a kira dillali. Kawu ya ce wannan duk boko ne, a kan tsohon doki. Hajiya ta ce masa Alƙur'ani ma cewa ya yi in an yi bashi a rubuta.

Ranar tafiya muka ɗauki hayar mota ƙirar kanta, aka zuba yashi da ƙaiƙayi a ciki don kada ya zame, aka jingina bayan motar da tudu ya shiga da ƙafarsa. Na haɗa masa buhu biyu na abincin da ya saba, da bokitinsa, da ragamarsa, da mayafin da Hajiya ta ɗinka. Sirdi da linzami na bar su a ɗakinta. Shamaki ya bi mu ya kwana biyu a can. An kafa masa turke inda zai riƙa ganin goɗiyar amma ba su kai ga juna ba, sai bayan kusan sati aka matso da su. Daren farko bai ci ba, ya tsaya yana kallon ƙofa. Dare na uku tsohon malamin ya kira ni bayan Isha, bai yi magana ba, ya kara wayar a bakin kwamin abinci, na ji ƙarar tauna.

Yanzu duk ƙarshen wata in na zo Jos gaida Hajiya sai na wuce Tilde. Zuwana na ƙarshe ana tsakiyar hunturu, na isa da hantsi. Gyambon ya warke, farin gashi ya tsiro a wurin. Yana tsaye a rana da mayafinsa, goɗiyar na gefensa, ƙaramar jikar gidan tana tsefe masa geza tana ba shi labari. Na yi sallama. Ya ɗaga kai ya yi 'yar haniniya, ya shinshina aljihuna inda Baba kan ajiye masa kanwa, ya lashe wadda na kawo, sannan ya juya ya bi yarinyar zuwa rijiya.