Ga mai shirin buɗe sansanin ƙwallon kwando na yara a Jos

Jama'a, dogon hutu a Agusta yake faɗawa, tsakiyar damina. Filin siminti in ya jiƙe santsi gare shi. Ku nemi rufaffen ɗakin wasa, in babu, horo ya zama ƙarfe 8 zuwa 11, don ruwan Jos ya fi sauka bayan azahar.

'Yan ƙasa da shekara 12 a ba su ƙwallo lamba 5 (ƙaramin ƙwallo na yara), a sauke kwando daga mita 3.05 zuwa 2.60. In ya yi musu tsawo, da ƙarfi za su riƙa wurgawa, hannu ya saba da jifa a karkace. Koci ɗaya, yara 10.

Fom ɗin iyaye ya tambayi asma da sikila. Kuɗi kuwa a karɓa kafin ranar farko, "gobe zan turo" ba ya biyan koci.